Darasin Kimiyya: Kibiyar Kan Fistin da Hanyar Baƙin Mai a Injin Motar Tsere

Ga fistin nan a kan tebur, kowa ya matso ya gani. A kallon farko mutum zai ce gwangwani ne na alminiyum, zagayayye, gabansa da bayansa duk ɗaya. To, ku ƙara duba samansa. Akwai 'yar kibiya da aka buga a kai. A wani fistin ɗigo za ku gani, a wani tsaga ce a baki, a wani harafin F. Darasinmu na yau a kan wannan 'yar alama yake: me ya sa masana'anta ta damu da inda fistin zai fuskanta, kuma ina ruwan wannan da baƙin mai.

Inji guda za mu riƙe mu yi ta lissafi da shi, don kada lambobi su yi mana yawa. Na zaɓi 2JZ-GTE na kamfanin Toyota, mai silinda shida a jere, lita uku, da turbo biyu. Ya fara fitowa a Japan a 1991 cikin motar Aristo, sannan aka sa shi a Supra ta 1993. Masu haɗa injin tsere a Japan da Amurka suna ƙaunarsa har yau, saboda gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce mai jure duka. Faɗin silindarsa milimita 86, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa ita ma milimita 86, tsawon konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, milimita 142. Ku rubuta waɗannan lambobi uku a gefen littafi.

Nauyin da fistin ke ɗauka

Faɗin saman fistin mai milimita 86 ya kai murabba'in santimita 58. Mu ƙaddara wuta ta kama, matsin da ke cikin silinda ya kai bar 80, abin da ba baƙo ba ne a injin turbo, wanda aka ƙara wa ƙarfi ma yakan wuce bar 100. Bar ɗaya kusan kilo ɗaya ne a kan kowane murabba'in santimita. Idan an ninka, nauyin kusan ton 4.7 ke nan a kan abin da tafin hannu zai rufe.

Ga kuma gudu. A juyi 7,000 cikin minti, karanshaf na zagayawa kusan sau 117 a daƙiƙa. Kowane zagaye fistin yana tsayawa cik sau biyu, a sama da a ƙasa, ya juya. Tsayawa sau 233 ke nan a daƙiƙa guda. Matsakaicin gudunsa kuwa a ninka tafiyarsa sau biyu, a ninka da yawan zagaye a daƙiƙa: mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa, a cikin ramin da bai kai tsawon yatsa biyu ba.

Bangon da ya fi shan wuya

A nan ne gindin darasin yake, don haka za mu ɗan daɗe.

Da a ce konrod a miƙe take kullum, da duk nauyin nan ƙasa zai tafi, bangon silinda ba zai ji komai ba. Amma ƙafar konrod tana bin hannun karanshaf a zagaye, don haka da zarar fistin ya bar ƙololuwa sai sandar ta karkata. Ku tuna mai tura kwalekwale da gora. Gorar a karkace take, saboda haka ƙarfin da ya danna bai tsaya a ƙasa kaɗai ba, wani kaso ya tafi gefe, shi ne ma ke tura kwalekwalen. Haka konrod take yi wa fistin, sai dai shi babu inda zai je, bango ya tare shi.

Wane bango? Ku tsaya a gaban injin, wajen fuli da bel. A yawancin injina karanshaf yana juyawa yadda hannun agogo ke juyawa. Bayan wuta ta kama, hannun karanshaf zai bar sama ya nufi damarku, ƙafar konrod ta bi shi. Sandar da ƙafarta ke dama, kanta kuwa hagu yake turawa. Saboda haka a lokacin bugun wuta fistin yana dannuwa da bangon hagu. Shi ake kira babban gefen turi. A lokacin matse iska, hannun karanshaf yana hawowa ta hagu, sai fistin ya jingina da bangon dama, amma matsin lokacin kaɗan ne, shi ya sa ake ce masa ƙaramin gefen turi.

Mu auna. Rabin tafiyar fistin milimita 43 ne. Karkatar konrod mafi girma a wannan inji ta kai kusan digiri 17.6, amma a lokacin matsi ya riga ya sauka. Matsi yana kaiwa maƙurarsa ne kamar digiri 15 bayan ƙololuwa, inda sandar ta karkata digiri 4.5 kacal. Tanjent ɗin wannan kusurwa 0.079 ne. A ninka shi da ton 4.7, sai a sami kilo 370 yana danna siket ɗin fistin, wato ƙasan jikinsa, da bango, fistin kuma yana zamewa a kai. Mun ajiye lissafin nauyin fistin kansa don sauƙi, amma hoton ya fito: bango ɗaya yana shan abin da ɗan'uwansa ba ya sha.

Kada ku haddace “hagu” ku tafi da ita. Tsofaffin injinan Honda, jerin B da jerin D, saɓanin agogo suke juyawa, don haka babban gefen turinsu dama ne ga wanda ya tsaya wajen fuli. A jerin K kuwa, da ya fito a farkon shekarun 2000, kamfanin ya koma juyin da sauran ke yi. Ku riƙe dalilin, hannun zai fito da kansa.

Abin da kibiya ke tsarewa

Na farko, kuma wanda ido ba ya gani, shi ne gocewar fil. Fil shi ne guntun bututun ƙarfen da ke ratsa fistin ya riƙe kan konrod. A yawancin motocin kan titi ramin fil ba a tsakiyar fistin yake ba, an gusar da shi wajen babban gefen turi da rabin milimita zuwa milimita ɗaya da rabi. Hikimar ita ce: fistin dole ya tsallaka daga wancan bango zuwa wannan a daidai ƙololuwa, lokacin da matsi ke hauhawa. Idan fil a tsakiya yake, sai ya tsallaka gaba ɗaya ya mari bango, a ji ƙwas-ƙwas, musamman da safe inji bai yi zafi ba. Idan fil ya goce, matsin sai ya ɗan kishingiɗar da fistin, ƙasan siket ya fara taɓa bango, sauran jikin ya biyo a hankali. Wanda ya juya irin wannan fistin ya mayar da maganin cuta. Gaskiya ne wasu tsofaffin masu tsere a Amurka sukan juya shi da gangan don neman ɗan ƙarin ƙarfi, su haƙura da ƙarar. A ganina ribar ba ta kai a yi mata kasada ba, kuma fistin ɗin tsere da yawa yau da fil a tsakiya suke zuwa.

Na biyu, gurabun bawul. Ku ga waɗannan ramuka huɗu a saman fistin: biyu manya, biyu ƙanana. Bawul ɗin shigar iska ya fi na fitar hayaƙi faɗi, don haka manyan gurabun nasa ne. A ƙarshen fitar hayaƙi, bawul ɗin duka biyu a ɗan buɗe suke yayin da fistin ke ƙololuwa, tazarar da ke tsakaninsu a injin tsere milimita biyu ce ko kusa da haka. In aka juya fistin, babban bawul zai sauko kan ƙaramin gurbi. Wannan kuskure ba ya jiran mako, sau da yawa a tashin farko ake jin sakamakonsa.

Na uku, siket. Fistin na zamani da yawa siket ɗinsu ya fi faɗi a babban gefen turi, an rage ɗaya gefen don rage nauyi da gogayya. Na huɗu kuma tsaga ce a ƙasan siket, inda aka bar wa bututun feshin mai hanya. Za mu iso gare shi.

Ita kibiyar kanta, ma'anarta ba ɗaya ba ce a ko'ina. A yawancin motoci gaban inji take nunawa. A wasu injinan Renault kuwa wajen filawil, wato bayan inji, take kallo. Masu gyaran babur sun san fistin mai rubutun IN, wanda ke fuskantar gefen shigar iska. A injin V8 lamarin ya ƙara rikicewa: babban gefen turi a layi ɗaya bangon waje ne, a ɗaya layin bangon ciki ne, don haka fistin mai gocewar fil da gurabun bawul mabambanta yana da na dama da na hagu, kamar takalmi. Takardar da ta zo cikin kwalin fistin ita ce alƙali.

Yadda ruwa ke ɗaukar ƙarfe

Yanzu tambaya: me ke hana siket ya manne da bango, ko metal, wato ɓawon da ke tsakanin konrod da karanshaf, ya narke ƙarƙashin ton 4.7? Kowa zai ce baƙin mai. Amma ta yaya abu mai gudu kamar ruwa zai ɗauki wannan nauyi bai tsere ba?

Wani injiniya a Ingila, Beauchamp Tower, ya ci karo da amsar a 1883 yana gwajin irin metal ɗin ƙafar jirgin ƙasa. Ya huda rami a samansa don zuba mai, sai ya ga mai na ɓulɓulowa ta ramin. Ya toshe da toshiyar kwalba, man ya turo ta. Ya buga katako, shi ma ya fito. Da ya ɗaura ma'aunin matsi, allurar ta wuce iyakarta. Babu famfon da ke tura man, juyin sandar ne kaɗai. A 1886 Osborne Reynolds ya fitar da lissafin abin.

Bayaninsa ba wuya. Sanda ba ta zama a tsakiyar metal, tana ɗan matsawa gefen da nauyi ya danna ta, sai ratar ta zama mai faɗi a wuri ɗaya, tana tsukewa zuwa wani. Mai yana da danƙo, yana manne wa sandar, ita kuma tana jan sa zuwa cikin tsukin. Mai ba ya matsuwa, hanyar fita kuma ƙarama ce, don haka matsinsa sai ya tashi har ya ɗaga sandar. Matsin da ke cikin wannan tsuki yana kaiwa ɗaruruwan bar, alhali famfon mai bar 4 ko 5 yake bayarwa. Ku lura da wannan sosai, domin nan mutane da yawa ke ɓata: aikin famfo kawo mai wurin da kwashe zafi, ɗaukar nauyi kuwa juyi ne ke yin sa.

Shimfiɗar man da ke ɗauke da nauyin, a inda ta fi siranta, 'yan mikron kaɗan ce. Mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kai guda yana kai mikron 70. Ƙwayar ƙura mai mikron 20 ta fi ƙarfin ta bi ta wannan rata salin-alin, sai ta ƙarce. Wanda ya taɓa ganin an baje inji a kan buhu a tsakar gareji cikin hazon hunturu, ya san abin da nake nufi.

A shekarar 1902 Bajamushe Richard Stribeck ya nuna cewa idan gudu ya ragu ko nauyi ya ƙaru, shimfiɗar tana sirancewa har ƙarfe ya fara taɓa ƙarfe. Metal ɗin karanshaf yana shiga wannan hali lokacin tayar da inji. Ringin fistin kuwa yana shigarsa sau biyu a kowane zagaye, domin a sama da ƙasa gudunsa sifiri ne. Shi ya sa tsohuwar silinda take cinyewa a can sama, har farce ya ji tudu. A irin wannan wuri sinadaran da aka zuba cikin mai, musamman mai ɗauke da zinki da fosfaros da ake kira ZDDP, su ke rufa asiri.

Hanyar mai zuwa fistin

Famfo ya zuƙo daga kaskon ƙasan inji, mai ya bi ta filta, ya shiga babbar hanyar da ke cikin gangar inji, ya sauka manyan metal da ke riƙe da karanshaf, ya bi ramukan da aka huda cikin karanshaf zuwa metal ɗin konrod. Daga nan babu bututun da ya kai bangon silinda. Abin da ya fantsalo daga gefen konrod shi ke jiƙa shi.

Shi ya sa ita ma konrod take da fuska. A injina da yawa akwai ɗan rami a kafaɗarta wanda ke tsartuwar mai sau ɗaya a kowane zagaye, an saita shi ya nufi babban gefen turi. In an juya ta, ana shayar da bangon da ba ya jin ƙishi ke nan. A V8 irin ƙaramin injin Chevrolet da ya fito a 1955, konrod biyu ke zama a hannun karanshaf guda, kowacce gefenta ɗaya an fi fere bakinsa. Wannan gefen dole ya kalli kumatun karanshaf, inda akwai lanƙwasa. Idan aka saɓa, bakin metal zai hau lanƙwasar ya ci.

2JZ-GTE yana da ƙarin abu wanda ɗan'uwansa marar turbo, 2JZ-GE, ba shi da shi: bututun feshi a gindin kowace silinda, yana watsa mai a cikin fistin daga ƙasa. Wannan don sanyaya ne. Saman fistin yana kai digiri 300 na zafi, alminiyum kuma ƙarfinsa na raguwa sosai a nan. Bututun siriri ne, yana tsaye dab da inda siket ke saukowa. Fistin da aka juya, ko wanda ba shi da tsagar, zai karya shi.

Ringin fistin kuma uku ne, galibinsu da sama da ƙasa. Na farko yana tsare matsi. Na uku, mai falle biyu da sifirin a tsakiya, yana kankare mai ya mayar ta ramukan bayansa. Na tsakiya shi ake yawan rainawa. Bakinsa a ɗan karkace yake, ta yadda zai zame a kan mai in yana hawa, ya share shi in yana sauka. A kifa shi, sai ya koma kwasar mai zuwa sama. Ga sabon inji yana shuɗin hayaƙi, fulogi na jiƙewa, a yi ta zargin kaya jabu ne. Man da ya shiga ɗakin wuta kuma yana jawo bugun da ba a kan lokaci ba, abin da ke fasa fistin a injin turbo. Ɗigo ko rubutun da ke jikin ringi sama yake kallo.

Rata, zafi da kaurin mai

Alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka fistin mai sanyi ba zagayayye ba ne. Ya fi faɗi ta gefen turi, ya fi tsukewa ta layin fil da kuma sama, sai ya yi zafi yake cika siffarsa. Ana auna shi a siket, a gicciye da fil, a tsayin da masana'anta ta faɗa. Fistin ɗin tsere iri biyu ne suka fi yawa: 4032 mai silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, wanda ba ya buɗewa sosai, da 2618 mai silikon kaɗan ƙwarai, wanda ya fi jure duka amma yana son rata babba, yana kuma ƙara kafin ya ɗumama.

Ratar bakin ringin sama, a ƙa'idar da aka saba, faɗin silinda ne a ninka da 0.004, wato kusan milimita 0.35 a injinmu. Ga turbo mai ƙarfi akan kai 0.005 ko 0.006. Idan ratar ta gaza, ringi ya yi zafi bakinsa ya haɗe, sai ya ɓalle gefen fistin. Ratar metal kuma kusan kashi ɗaya cikin dubu na kaurin sanda: hannun konrod na 2JZ milimita 52 ne, ratar ta kama kusan 0.05.

Kaurin mai da wannan rata tare suke tafiya. A lamba irin 5W-30, ta farko tana nuna yadda mai ke gudu cikin sanyi, ta biyu kaurinsa a digiri 100. Mai lamba 50 ya kusa ninka mai lamba 30 a kauri. A garejinmu an saba da cewa mai kauri shi ne mai kyau, kowace mota 20W-50 ake ɗura mata wajen juye. Ga tsohon inji da ratarsa ta buɗe akwai hujja. Ga inji mai tsukakkiyar rata kuwa, allurar matsi za ta hau, mai shi ya ji daɗi, alhali man da ke ratsa metal yana kwashe zafi ya ragu. Tsohuwar ƙa'idar masu tsere a Amurka, wadda ake dangantawa da bakanike Smokey Yunick, ita ce kusan bar 0.7 a kan kowane juyi dubu. A juyi 7,000, bar 5 ya wadatar.

Saura kwana. Motar tsere da ta sha kwana da ƙarfin da ya kai nauyinta, man da ke kasko yana karkata digiri 45, kamar ruwa a bokitin da aka ruga da shi. Bakin famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu, karanshaf ya zagaya fiye da sau 200 babu isasshen mai, inji ya buga. Magani mai sauƙi shinge ne a cikin kasko. Mai tsada shi ne a kwashe man zuwa tanki dabam, kamar yadda Porsche 911 ta yi lokacin fitowarta a shekarun 1960, kuma motocin Formula 1 ke yi.

Wajen haɗawa, a wanke silinda da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito fes, a shafa wa metal man haɗi, a shafa wa siket da ringi mai kaɗan. A rubuta lamba da kibiya a kan kowane fistin da konrod kafin a fara. In an gama, a juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku. Sannan a cire fulogi, a hana fetur zuwa, a buga sitata har ma'aunin mai ya motsa, kafin a bar wuta ta kama.

Aikin gida

Injin Honda B16A na 1989 faɗin silindarsa milimita 81, tafiyar fistin 77.4, konrod kusan 134, kuma saɓanin agogo yake juyawa. Ku zana shi kamar kuna tsaye wajen fuli, ku nuna babban gefen turi da inda fil zai goce. Ku fitar da matsakaicin gudun fistin a juyi 8,000, da karkatar konrod mafi girma, ku kwatanta da na 2JZ. Wanda ke da ɗan'uwa a gareji ya aro mana tsohon fistin guda, kada a goge shi, mako mai zuwa za mu gano gefen turinsa daga sawun da ke jikin siket.